Akwatin Oga ya karye a hannuna, saura kwana goma ya dawo

Assalamu alaikum Baba. Ni yaron shago ne a Agege, shekarata uku ina koyon gyaran janareta da injin ruwa a wurin wani bawan Allah ɗan garinmu. Wata guda ke nan da ya tafi gida jinyar mahaifiyarsa, ya bar mini shago. Akwai wani tsohon akwatin roba da yake ajiye sifanu da mitarsa a ciki. Maigidansa ne ya ba shi ranar da ya yaye shi, ya fi shekara ashirin a hannunsa, kuma ya sha gaya mini kada in fita da shi. Aiki ya taso a Surulere, na ga ba ni da sifanun da nake bukata, sai na ɗauka. A dawowa kwandastan danfo ya cusa shi a but, ya danna murfi ya ja igiya. Da na sauka na tarar hinjis ɗaya ya ɓalle, kunnuwan robar da siririn ƙarfe ke ratsawa sun karye, tsaga kuma ta fara bin bayan akwatin. Na sa sufa gulu sau biyu, na sa shi da toka, na sa Araldite, amma da na buɗe murfi sai ya ɓantare. Abokina ya ce mu je kasuwar Alaba mu nemo irinsa a gwanjo mu musanya. Saura kwana goma Oga ya dawo, ko barci ba na iyawa. Yaya zan gyara shi yadda ba zai gane ba?

Ɗanka, daga Agege.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba mahaifiyar Oganka lafiya, kai kuma ya yaye maka wannan damuwa. Na ji daɗi da ka rubuto kafin ka bi abokinka Alaba.

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don kada ka ƙarar da kwana goman nan wajen neman abin da babu. Babu gyaran da zai riƙe murfin nan kuma ya ɓoyu. Duk wanda zai riƙe, ido zai hango shi tun daga bakin ƙofar shago. Wanda ido ba zai gani ba kuwa, ka riga ka gwada shi sau huɗu ka ga inda ya ƙare.

Ba rashin iyawarka ba ne, kuma ba gam ɗin jabu aka sayar maka ba. Kifa akwatin, ka goge maiƙon gindinsa da tsumma, ka duba can da cikin murfi. Sau da yawa za ka ga 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a tsakiya. In ka ga 2, ko an rubuta HDPE, to robar jarka ce, irin jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da 'yan ga-ruwa ke turawa a kura. In ka ga 5, ko PP, 'yar'uwarta ce, wadda ake yin kujerun biki da bokitin fenti da ita. Yawancin akwatunan da ke zuwa da injin huda ko injin yankan ƙarfe da ɗayan biyun nan ake yin su. A 1988 aka fara sa waɗannan lambobi a Amurka, saboda haka in akwatin ya girmi hakan, ko kamfanin bai sa ba, ba za ka ga komai ba. Sai ka ɗauki guntun da ya ɓalle, ka kankare gam ɗin jikinsa tas, ka jefa a kofin ruwa ka danna shi ƙasa da yatsa. In ya taso, ɗayan biyun ne, domin dukansu ruwa ya fi su nauyi. In ya nutse, mai yiwuwa ABS ce, roba mai tauri irin ta jikin tsohuwar rediyo, wadda ita gam yana kama ta. Amma yadda ka ce naka ya yi ta ɓantarewa, ina kyautata zaton tasowa zai yi.

Waɗannan robobi biyu santsin kyandir gare su. Gam bushewa kawai yake yi a kansu, ba ya kamawa. Dubi ɗan tsinin sufa gulun da ka saya da murfinsa: da irin wannan roba ake yin su da gangan, don mutum ya iya sake buɗewa gobe. Sannan hinjis wuri ne da ke motsi yana ɗauke da nauyi, gam kuwa in ya bushe dutse yake zama, ba ya lanƙwasa. Tokar da ka zuba kauri ta ƙara masa, ba ta ƙara masa riƙo ba. Ka daina sayen gam, kuɗin da ka kashe ya isa haka.

Maganar musanya kuma, ka ce wa abokinka ya bar ta. Mutumin da ya fi shekara ashirin yana buɗe akwati ɗaya kowace safiya, hannunsa ya san shi kafin idonsa. Ya san inda mariƙin ya cinye, ya san makullin da sai an ɗan danna murfi yake shiga, ya san tabon da salansar janareta ta yi masa wata rana. Ranar da ya ɗaga na gwanjon zai gane, kuma daga ranar magana ta tashi daga kan hinjis, ta koma: me kuma yaron nan ya musanya mini a wata gudan da na bar masa shago? Kwayil nawa, kabureta nawa? Hinjis da yamma ɗaya ake gyara shi. Wancan zargi kuwa har ka bar shagon yana bin ka, kuma ka san Agege, kafin ka kai Pen Cinema labari ya zaga Zango. Duk ɗan garinku da zai ba ka aikin janareta gobe, a bakin Oganka zai fara jin ko kai wane ne.

Malamanmu sun bambance abin nan sarai. Wanda aka ba ajiya, in ta lalace ba da sakacinsa ba, ba ya biya. Amma in ya sa hannu ya yi amfani da ita bayan an hana shi, lamuninta ya hau kansa, ko da wani ne ya ƙarasa ɓarnar. Don haka ka cire kwandasta daga lissafi. Ya yi ganganci, na yarda; kowa ya san yadda suke danna kaya a but su ja igiya kamar masu ɗaure buhun albasa a Mile 12. Na kuma san tun da aka hana okada a Surulere da Ikeja da wasu ƙananan hukumomi huɗu a watan Yunin 2022, mai ɗauke da kayan aiki zaɓinsa ya ragu ƙwarai. Sai dai ba kwandasta aka ce wa kada ya fita da akwatin ba.

Ga wani dalili da ya sa kiran Oga ya zama dole kafin komai. Gyaran da zan kwatanta maka sai an huda akwatin. Ka fita da shi ba izini, wannan ɗaya. In ka ɗauki injin huda ka yi wa kyautar maigidansa ramuka goma sha biyu ba izini, ka yi na biyu, shi kuma rami in an huda ya hudu.

Ka kira shi yau ko gobe, bayan isha'i, lokacin da mai jinya ya ɗan samu kansa. Kira nake nufi, baki da baki, kada ka tura saƙon murya. Ka fara da jikin Hajiya, ka saurara da kyau, kada ka yi irin gaisuwar nan da ake jin mutum yana sauri ya kai wani wuri. Sannan ka ce: Oga, na yi maka laifi. Ka hana ni fita da akwatinka, na fita da shi Surulere, hinjis ya karye a mota, na yi ta sa gam bai kama ba. Ka tsaya nan, kada ka ɗora da amma. Kafin ka kira, zazzage kayan ciki a kan kwali ka ƙirga, musamman ƙananan sifanu irin lamba 8 da lamba 10 masu saurin sulalewa in murfi ya yi baki. In wani ya ɓace, ka faɗa a kira ɗaya, kada ya zama labari kashi-kashi. Kuɗin aikin Surulere ma ka faɗi nawa ne da inda yake.

Zai yi faɗa, wataƙila ya kashe waya. Ka bar shi ya yi, hakkinsa ne. Yana da kwana goma da zai huce a cikinsu, kuma amfanin gaya masa tun yana nesa ke nan. Washegari ka tura masa hoton karayar ta WhatsApp, ka ce ga yadda kake son gyarawa da kuɗinka, in ya amince.

To, in ya ce ka gyara, ga yadda za ka yi.

Wanke akwatin da ruwan ɗumi da omo har maiƙo ya fita, ka kankare duk gam ɗin da ka sa da wuƙa. Sannan ka gwada ko robar tana da sauran rai. Kama guntun da ya ɓalle da filaya ka lanƙwasa. In ya lanƙwasu ya yi fari a wurin, da sauranta. In ya karye ƙaras kamar ƙuli-ƙuli, kuma in ka karci bayan akwatin da farce yana fid da farin gari, to rana ta riga ta cinye ta. Riƙe amsar, ita za ta zaɓa maka irin hinjis ɗin da za ka sa.

Tsagar ita ce ta gaggawa. Bi ta da ido a wurin haske har inda ta ƙare, ka huda ɗan rami na milimita 3 daidai kan ƙarshenta. Tsaga da tsini take tafiya. In ta faɗa zagayayyen rami ta rasa tsinin, sai ta tsaya.

Liƙe ta kuma da wuta ake yi. Shekarun da na zauna Idi-Araba akwai wani dattijo mai facin roba da ke zama a gindin katangar masallaci, da gwangwanin gawayi da guntayen zarto uku a cikin wuta. Na sha tsayawa kallonsa bayan la'asar. In aka kawo masa baho ko bokiti, ba ya fara komai sai ya tono buhunsa ya fito da guntun roba, ya kara mata ƙarfe mai zafi ya sansana, ya kara wa bahon ya sansana. In warin bai zo ɗaya ba, ya mayar ya ɗauko wani. Robar jarka warin kyandir take yi, ta kujera warinta daban, shi da hanci yake karanta abin da mu muke neman lamba a kai. In ya samu daidai, sai ya zaro zarto ɗaya daga wuta, ya kaɗa shi a iska sau biyu ko uku ya ɗan huce, sannan ya ɗora. Yana shafawa yana dannawa da babban yatsa da ya naɗe da tsumma. Ban taɓa ganin roba ta yi hayaƙi a hannunsa ba.

Abin da yake yi shi za ka yi. Facin ya zama jinsin akwatin, 2 da 2, 5 da 5, domin in ka gauraya su a ido sun haɗu amma da yatsa za ka ɓare. Kada ka narka igiyar robar nan da masu wayarin ke ɗaure waya da ita, nailan ce, ba danginsu ba ce. Sai zafi. Robar jarka tana narkewa a wajen digiri 130, ta kujera a wajen 165, ƙarfen soda na masu gyaran rediyo kuwa yakan haura 300. In ka bar shi wuri ɗaya robar za ta ƙone ta yi ruwan ƙasa, ƙonanniyar roba kuma ba ta da ƙarfi. Ka ja bakin ƙarfen a kan tsagar ya yi ɗan kwari, ka kwantar da siririn yankin faci a ciki, ka narka su tare, gefen tsagar da facin, kana tafiya a hankali ba tsayawa. In ka samu guntun ragar taga ta ƙarfe, ka nutsa ta cikin robar tun tana laushi ka rufe da wani facin, kamar rodi a cikin siminti. Fara gwadawa a tsohuwar jarkar ruwa har hannunka ya faɗa. Kuma don Allah ba a cikin shago ba. Shagon janareta ba ya rabuwa da fetur a kwano da tsumma jiƙe da mai. Fita waje inda iska ke kaɗawa, hayaƙin ma ba na shaƙa ba ne.

Kunnuwan da suka karye, ka haƙura da su. Ana iya gina su da narkakkiyar roba su yi kyau a ido, amma ba za su jure buɗe da rufe ba.

Sabon hinjis za ka sa, kuma wurin mai haɗa tagogin alminiyam za ka nufa. Ba ka rasa ɗaya a unguwarku. Yana da bindigar ribit, wato ƙusar nan da ake matsewa ta haɗe falle biyu, yana da guntayen falle da yake zubarwa. In robar ta nuna da sauran rai, ka sayi ƙananan hinjis biyu irin na ƙofar kabad, ko dogon nan da kafintoci ke yankawa gwargwadon bukata. A iskar Legas mai laima da gishiri baƙin ƙarfe ba ya daɗewa yake tsatsa, don haka ka nemi wanda ba ya tsatsa ko na tagulla. Rufe akwatin, ka sa makullan gaba, ka ɗaure shi tam da tsohon tub ɗin taya, sannan ka ɗora hinjis a baya ka yi alama. Wanda ya yi alama murfi a buɗe, in ya zo rufewa zai ga baki bai haɗu ba. Ƙarfen tsakiyar sabon hinjis ya hau layi ɗaya da na tsohon da ya rage. In ba su daidaita ba kokawa za su riƙa yi duk buɗewa, har ɗaya ya karya ɗaya. Shi ya sa ni nakan yanke tsohon ma in sa sababbi biyu, amma wannan sai ka tambayi mai akwati.

Ramukan su yi nesa da baki da kamar santimita ɗaya da rabi. Ribit na alminiyam mai milimita 4 ya isa. Abin da mutane ke mantawa shi ne ta ciki. Roba ita kaɗai ba ta riƙe ribit, wata rana sai ya zare ya fito da nama. Ka sa washa mai faɗi, ko ma falle ɗaya na alminiyam da zai haɗe duk ramukan, ya zama robar tana tsakanin ƙarfe biyu. Kada ka yarda da sukurun katako ko da mai shagon ya ce zai yi. In noti ka fi so, ka nemi mai roba a bakinsa wanda girgizar mota ba ta kwance shi.

Ƙwanƙwasa akwatin kafin ka huda. Da yawansu bango biyu ne da iska a tsakani, saboda hura su ake yi kamar jarka. In ka ɗaure noti ya ratsa duka biyun, matse su za ka yi su lotsa. Yanka 'yar taga a bangon ciki daidai inda fallen zai shiga, ka yi ribit ɗinka a bangon waje kaɗai.

In kuwa robar ta karye kamar ƙuli-ƙuli, hinjis na ƙarfe zai fi ƙarfinta, nan ne nake son bel ɗin kujerar mota. Za ka samu a kasuwar kayan mota ta Ladipo ko ta Owode Onirin, wani lokaci ma a wurin 'yan bola na unguwa, daga motar da aka yanka. Faɗinsa ya kusa santimita 5. Yanka guda uku, kowanne tsawon kamar santimita 12, ka babbake bakinsu da ashana kada su warware, ka huda su da ƙusa mai zafi. Akwatin yana ɗaure, ka shimfiɗa rabi a murfi rabi a gindi, ka ja shi ya miƙe sosai, falle a waje falle a ciki, ribit biyu kowane ɓangare. Ba ya tsatsa, ba ya neman layi ya daidaita sak, kuma in an sake danna akwatin shi lanƙwasa yake yi, ba ya tura ƙarfin cikin tsohuwar roba. Aibinsa ɗaya, murfi zai ɗan riƙa rawa in an buɗe. Ni da akwatina ne mai waɗannan shekaru, bel zan sa ko da robar ta lanƙwasu a filaya.

Ko wanne ka sa, ka ƙara abu ɗaya. Ɗauki igiyar tsohuwar jaka ka ɗaura daga cikin murfi zuwa cikin gindi ta gefe, tsawon da zai tsayar da murfin in ya ɗan wuce tsaye. Yawancin hinjis ɗin roba ba rana ɗaya suke mutuwa ba. Murfi ne ke faɗawa baya da nauyinsa kullum, shekara da shekaru. Ba mamaki in ka kankare gam ka duba karayar, ka ga rabinta ya yi baƙi da datti, alamar tsohuwar tsaga, rabi kuma sabo fes. In ka ga haka ka riƙe shi a matsayin ilimin aiki, kada ka kai wa Oga shi a matsayin hujja. In ya gani da kansa ya faɗa, to.

Duk kayan nan da wuya su kai kuɗin motarku kai da abokinka zuwa Alaba da dawowa. Abin da ya yi saura ka fara tara naka sifanun. Shekara uku a shago, ya kamata a ce lamba 8, 10, 12, 13 da sifanar fulogi naka ne na kanka, a jakar tamfol. Kaya masu daraja kuma a cinya ake riƙe su a danfo, ko a biya musu kujera.

Yana iya cewa kada ka taɓa, a bari sai ya dawo. Mai yiwuwa ya fi son ya gyara da hannunsa, tunda shi ya san matsayin akwatin a wurinsa. In haka ne, ka mayar da kayan ciki yadda ya saba jera su, ka ɗaure akwatin da tub, ka ɗora shi a sama inda rana da ruwan damina ba sa kaiwa. Guntayen kunnuwan da siririn ƙarfen ka zuba su a leda ka ajiye a kai. Bel da falle da ribit ka saya ka ajiye kusa. Ranar da ya huce ya ce ɗauko, sai ka riƙe masa akwatin yana hudawa.